Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kansiloli: Ku Faɗa Mana Kuɗin Gobe Kafin Ku Ɗaga Hannu

Assalamu alaikum, masu girma kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto muku ne a matsayina na ɗaya daga cikin talakawan da hukuncinku ke sauka a kansu. Shugaban ƙasa ya yi mana nisa, ɗan majalisar tarayya ma sai dai a talabijin. Ku ne kuke yanke ko za a kwashe shara, ko fitilar titi za ta kama da dare, ko za a bar magidanci ya ɗora bene a kan gidansa. Na san ikonku ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wani wurin 'yan sanda a ƙarƙashinku suke kai tsaye, a wani wurin kuwa gudummawar mota da ofis kawai kuke ba su. Amma duk inda kuke, abubuwa uku ba sa barin teburinku: yadda za a kashe kuɗin jama'a, irin kayan aikin da za a damƙa wa masu tsaron gari, da yawan gidajen da za a yarda a gina a kan fili.

A takardar zamanku kowanne da shafinsa, kowanne da kwamitinsa. A aljihunmu kuwa duka ukun wuri ɗaya suke haɗuwa. Saboda haka roƙona gare ku ɗaya ne: kada ku ɗaga hannu a kan komai sai an karanta a gaban jama'a abin da zai ci nan da shekara goma ko ashirin, an kuma faɗi wanda zai biya.

Ku duba abin da ya faru a Chicago ta Amurka a watan Disamba na 2008. Birnin na cikin matsin kuɗi, sai magajin gari Richard Daley ya kawo wa majalisa yarjejeniyar bai wa wani kamfani hayar mitocin karɓar kuɗin ajiye motoci na titunan birnin har tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. 'Yan kwanaki kacal aka ba kansiloli su duba takardun, suka amince da ƙuri'a 40, mutum 5 ne kawai suka ƙi. A shekarar da ta biyo baya babban mai binciken birnin ya ƙiyasta cewa an yi wa kadarar arahar kusan dala biliyan ɗaya. Kuɗin da aka karɓa kuma mafi yawansu sun tafi wajen toshe giɓin kasafi cikin 'yan shekaru. Abin bai tsaya nan ba, domin idan birnin ya rufe titi ko ya cire mitoci don wani aikin jama'a, sai ya biya kamfanin diyya. Jaririn da aka haifa a makon da aka kaɗa wannan ƙuri'a, sai ya yi furfura kafin titunan garinsu su dawo hannun jama'a. Wa ya tambaye shi?

Birmingham ta Ingila, wadda majalisarta ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta sanar a watan Satumba na 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Bashin haƙƙin mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da takwarorinsu maza ya taru har aka ƙiyasta shi da kusan fam miliyan 760, ga kuma sabuwar manhajar kwamfuta ta lissafi da kuɗinta ya ninka abin da aka faɗa tun farko sau da yawa. Mazauna garin ne suka biya, da ƙarin haraji da rage ayyuka.

Ba ina cewa duk kansilan da ya shiga irin wannan rami ɓarawo ba ne. Da yawanku mutanen kirki ne, wasu ma alawus ɗin da ake ba su bai kai wahalar aikin ba. Matsalar tana cikin yanayin kujerar. Wa'adinku shekara uku ne ko huɗu, titi da bututun ruwa kuwa sukan yi shekaru talatin ko fiye. Sabon gini ana yi masa bikin buɗewa, a ɗauki hoto, a kafa allo mai ɗauke da suna. Canza bututun da ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa babu mai tafa wa kansila saboda shi. Don haka kuɗin gyara ne ake fara yankewa duk shekarar da kasafi ya yi ƙunci, kuma shi ne ba a rubutawa a takardar da ake kawo muku ranar amincewa da sabon aiki.

Idan giɓin ya buɗe, a ina ake cike shi? A nan ne maganar kuɗi ke haɗuwa da maganar 'yan sanda, kuma a nan ne nake so ku saurare ni da kyau. Ferguson ƙaramin gari ne a jihar Missouri, mutanensa ba su fi dubu 21 ba. Duniya ta san shi ne a watan Agusta na 2014, lokacin da ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, zanga-zanga ta ɓarke. Da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta yi bincike, rahotonta na watan Maris 2015 ya nuna cewa hukumar garin ta mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga. A kasafin 2015 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da garin ke sa ran samu daga tara da kuɗin kotu ne. Jami'an kuɗi na garin suna matsa wa shugaban 'yan sanda a ƙara yawan takardun tara, talakan da ya kasa biya a ƙara masa wata, ya kasa zuwa kotu a ba da sammacin kama shi. Ɗan sandan da ya kamata mutum ya ruga wurinsa idan ya shiga uku, shi ya zama mai karɓar haraji da bindiga a ƙugu. Wannan hukunci a teburin kasafi aka yanke shi, shekaru kafin a harba harsashi ko ɗaya.

A waɗancan kwanaki ne kuma jama'a suka ga motocin sulke da jami'ai cikin shigar yaƙi sun fuskanci masu zanga-zanga a titin ƙaramin gari, aka fara tambayar daga ina irin waɗannan kaya ke zuwa hannun 'yan sandan gari. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne shirin da ake kira 1033, wanda tun shekarun 1990 yake miƙa rarar kayan sojan Amurka ga hukumomin 'yan sanda, kayan da darajarsu ta haura dala biliyan 7. Akwai tebura da barguna a ciki, akwai kuma bindigogi da motocin da aka ƙera don jure nakiya a Iraƙi da Afganistan. Shugaba Obama ya taƙaita shirin a 2015, Shugaba Trump ya ɗage takunkumin a 2017. Abin da ya sa ƙananan garuruwa ke karɓa shi ne an ce kyauta ne. To amma kuɗin ɗauko motar na garin ne, haka mai, da taya, da kayan gyara, da horar da direba, da wurin ajiya. Sannan akwai farashin da ba ya shiga littafin akanta. Kayan da aka ajiye, wata rana sai an nemi dalilin fito da shi, kuma yaron da ya taɓa ganin motar yaƙi a ƙofar gidansu da wuya ya girma ya zama mai kai wa ɗan sanda labari.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban goyi bayan a tura ɗan sanda gaban ɗan fashi hannu rabbana ba. Shi ma ɗan wani ne, yana da iyali da ke jiran dawowarsa. Mota mai tashi, rediyo mai aiki, rigar kariya, horo, da albashi a kan kari, waɗannan haƙƙinsa ne, kuma abin takaici su ne ake mantawa idan aka ga sabuwar na'ura mai ƙyalli. Tambayar da nake so ku riƙa yi ita ce, wannan kayan wace matsala zai magance, kuma ina shaidar cewa ya magance ta a wani wuri?

Ga misalin kyamarar da ake maƙala wa ɗan sanda a ƙirji. Gwajin da aka yi a garin Rialto na California a 2012 zuwa 2013 ya nuna ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda ya ragu ƙwarai, garuruwa da dama suka ruga suka saya. A 2017 aka fitar da sakamakon wani gwaji mafi girma a birnin Washington, da jami'ai fiye da 2,000, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Ni a nawa ganin kyamarar tana da amfani, amma amfanin nata yana rataye ne da ƙa'idar da kuka rubuta: yaushe dole a kunna ta, me zai sami wanda ya kashe ta, wa ke da ikon ganin hoton, kuma kwana nawa iyalan wanda aka harba za su jira kafin a nuna musu. Kuɗin sayen kyamarar ma shi ne ƙarami. Ajiyar bidiyon da ake biya duk shekara, da ma'aikatan da za su tace shi, su ne ke cin kasafi, har wasu ƙananan garuruwan Amurka suka ajiye nasu kyamarorin saboda sun kasa ɗaukar nauyin.

Chicago ta kashe miliyoyin daloli a kan ShotSpotter, na'urar da ake kafawa a unguwanni don ta ji ƙarar harbi ta kira 'yan sanda. A 2021 ofishin mai binciken birnin ya gano cewa kusan kashi 9 cikin 100 kawai na fitar da 'yan sanda suka yi saboda kiran na'urar ne aka samu shaidar laifin bindiga, kuma a 2024 birnin ya daina amfani da ita. A Detroit, a watan Janairu na 2020, an kama wani magidanci baƙar fata a gaban matarsa da 'ya'yansa saboda manhajar gane fuska ta ce shi ne ɓarawon da kyamarar wani kanti ta ɗauka, alhali ba shi ba ne. Duk waɗannan kayayyaki da kuɗin jama'a aka saye su, kuma galibi jama'a ba su ji labari ba sai bayan an sa hannu. Jihar California ta yi doka a 2021 da ta wajabta wa 'yan sanda neman amincewar majalisar gari kafin su mallaki kayan soja, su wallafa ƙa'idar amfani da su, su kuma kawo rahoto duk shekara. Ba sai kun jira wata doka daga sama ba kafin ku ɗora wa kanku irin wannan sharaɗi.

Yanzu bari in zo kan maganar gidaje, wadda a ganina ita ce uwar sauran, ko da yake ita aka fi ɗauka a matsayin rigimar maƙwabta.

Titi mai tsawon kilomita ɗaya kuɗin kwaltarsa ɗaya ne, ko iyalai 40 ne ke bakinsa ko 400. Haka bututun ruwa, haka magudana, haka fitilu. Motar shara tafiya ɗaya za ta yi, motar sintiri da ta 'yan kwana-kwana ma haka. Abin da ke canzawa shi ne yawan mutanen da za su raba nauyin. Duk lokacin da kuka kafa dokar cewa a wannan unguwa gida ɗaya tak za a gina a kan kowane babban fuloti, kun yanke hukuncin kasafi ne ko ba ku sani ba, domin kun tsawaita titi kun rage masu biya. Mutanen da kuka hana wuri a ciki kuma ba ɓacewa za su yi ba. Bayan gari za su koma, a yanka gonaki, a buɗe sabuwar unguwa, ku bi su da titi da ruwa da makaranta da ofishin 'yan sanda.

Abin da ke ruɗar majalisu shi ne farkon lamarin daɗi gare shi. Sau da yawa mai gina rukunin gidajen ne ke shimfiɗa titin farko da kuɗinsa, ya miƙa wa hukuma. Kuɗin izini ya shigo, harajin sababbin gidaje ya shigo, babu abin da ya lalace tukuna. Sai bayan shekara ashirin da ɗoriya, lokacin da kansilolin da suka amince duk sun bar kujera, titin ya farfashe, bututun ya fara yoyo, a lissafa a ga harajin 'yan gidajen da ke wurin bai isa sake ginawa ba. Mafita mafi sauƙi a lokacin ita ce a amince da wata sabuwar unguwar a ƙara gaba, a ci kuɗin izininta. Wannan cin bashi ne don biyan bashi, kuma kowa ya san inda yake ƙarewa.

Detroit ta nuna abin da ke faruwa idan ƙasa ta yi yawa mutane suka yi kaɗan. A 1950 mazaunanta sun kai miliyan 1.8, a 2010 sun koma kusan dubu 700, amma faɗin birnin bai ragu da taƙi ɗaya ba. Tituna da bututu suna nan yadda suke, masu biya ne suka tafi. Lokacin da birnin ya shigar da takardar fatara a watan Yuli na 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, kimanin kashi 40 cikin 100 na fitilun titinsa ba sa kamawa. Dalilan faɗuwar Detroit suna da yawa, rufewar masana'antu na kan gaba, amma lissafin tsawon titi da yawan masu biya yana cikinsu.

Akwai kuma waɗanda suka gwada wata hanya. Auckland ta New Zealand ta sassauta dokar gini a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamanta a 2016, izinin gina gidaje ya kusa ninkawa cikin 'yan shekaru. Minneapolis ta jihar Minnesota a Amurka ta amince a watan Disamba na 2018 cewa ana iya gina gida mai ɗaukar iyalai uku a fulotin da a da iyali ɗaya kawai doka ta yarda, ta kuma buɗe ƙofa ga benaye a bakin manyan tituna, daga baya ta soke tilasta wa mai gini ware wurin ajiye motoci. Tsakanin 2017 da 2022 gidajen birnin sun ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100, kuɗin haya ya tashi da kusan kashi 1 kacal, a sauran jihar Minnesota kuwa ya tashi da kusan kashi 14. Wanda bai taɓa zaman gidan haya ba zai ga waɗannan alƙaluma ne kawai. Wanda ya san fargabar zuwan ƙarshen wata ya san abin da suke nufi.

To me ya sa majalisu da yawa ke tsoron wannan hanya? Saboda wanda ke zuwa zauren taronku. Masu bincike a Jami'ar Boston sun bi bayanan tarukan tsara gine-gine na garuruwa 97 a yankinsu, suka ga masu tashi su yi magana galibi masu gidan kansu ne, manya a shekaru, kuma kusan kashi 63 cikin 100 na maganganun adawa ne da sababbin gidaje, masu goyon baya ba su wuce kashi 15 ba. Ba na zargin waɗannan mutane. Gidan nan shi ne gumin rayuwarsu, kuma tsoron cunkoson motoci da ƙarancin ruwa da benen da zai leƙa tsakar gidan mutum tsoro ne na gaskiya. Ku saurare su. Amma ku tuna da waɗanda kujerunsu ke wofi a zauren: ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, saurayin da ya ɗage aurensa saboda ya rasa ɗaki, malamin makarantar da ke shafe awa biyu a hanya saboda ba zai iya kama haya kusa da inda yake koyarwa ba. Mutanen da za su zauna a gidajen da ake gardama a kai ba su da adireshi a unguwar tukuna, don haka babu mai aika musu takardar gayyata. Ku ne wakilansu, ko sun zo ko ba su zo ba.

Sai dai ina gargaɗinku da babbar murya, kada wani ya ɗauki maganata ya mayar da ita lasisin cusa mutane a ko'ina. Ƙara yawan gidaje ba tare da faɗaɗa magudanar ruwa da makaranta da hanyar motar kashe gobara ba, zalunci ne. A daren 14 ga Yuni 2017 wuta ta kama benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, mutum 72 suka rasu. Benen mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ne, ɗaya daga cikin mafiya arziki a ƙasar. An lulluɓe bangonsa da wani abu mai saurin kama wuta lokacin gyara, an zaɓi mai araha, matakala ɗaya ce a ginin, kuma mazauna sun daɗe suna kuka a kan hatsarin gobara ba a ji su ba. Duk kansilan da zai amince da bene, to ya amince da albashin mai duba gini wanda ba za a saye shi ba, ya kuma buɗe ƙofa ga ƙorafin masu haya. Wannan ma kuɗi ne, kuma wajibi ne ya fito a lissafin tun ranar farko.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Duk takardar da za a kawo muku, ta mota ce, ta kyamara ce, ko ta sabuwar unguwa, a haɗa ta da shafi ɗaya cikin harshen da kowa zai gane, mai nuna kuɗin saye, da kuɗin riƙewa duk shekara, da shekarar da za a canza abin, da asusun da za a ciro kuɗin. A liƙa shi a allon sanarwa a kuma sa shi a intanet aƙalla mako biyu kafin ƙuri'a. Idan wani ya ce muku yarjejeniya za ta kuɓuce in ba a sa hannu gobe ba, ku tuna da Chicago ku bar ta ta kuɓuce. Kuɗin tara kada ya shiga lissafin abin da kuke sa ran samu, balle a ɗora wa ɗan sanda adadin da zai kawo. Kowane sunan kansila a rubuta shi tare da yadda ya kaɗa ƙuri'arsa, mu gani.

Ku kuma fito daga zaurenku. Porto Alegre ta Brazil ta fara a 1989 tana tara mutanen unguwanni su zaɓi ayyukan da za a fara yi da wani kaso na kasafi, kuma talakawan bayan gari ruwa da magudana da titi suka sa a gaba. Paris ta ɗauki irin wannan tsari a 2014. Ko ba ku kai nan ba, kuna iya mayar da wasu zamanku zuwa yamma ko ƙarshen mako, ku yi su a harabar makarantun unguwanni, ku aika wa masu haya gayyata kamar yadda kuke aika wa masu gida.

Ina roƙon a samu ko kansila ɗaya a cikinku da zai miƙe a zama na gaba ya gabatar da ƙudurin wannan shafi ɗaya, ya nemi a kaɗa ƙuri'a a kansa a fili, a rubuta sunayen waɗanda suka yarda da na waɗanda suka ƙi. Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Wassalam.

Naku,
Wani mai biyan haraji